Ko Kun Sani? Wasan Talabijin da Ya Kai Har Majalisar Birtaniya

George Orwell, marubucin littafin da Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi, ya wallafa wani ƙagaggen labari mai suna 1984 a shekarar 1949, inda ya yi hasashen ƙasar da mulkin kama-karya ya yi wa katutu, har hukuma tana leƙen asirin kowa daga wani allo da ke bangon ɗakinsa. Ranar 12 ga Disamba, 1954, tashar BBC ta nuna wasan kwaikwayon littafin 1984 kai tsaye, wato 'yan wasa suna yi a ɗakin shiri jama'a suna kallo nan take, ba damar gyara kuskure, kuma Peter Cushing ne ya fito a matsayin Winston Smith, tauraron labarin. Wuraren da aka nuna azabtarwa a wasan sun tayar da hankalin masu kallo, har 'yan majalisar dokoki suka gabatar da ƙudurorin suka da na goyon baya. Da aka maimaita wasan ranar 16 ga watan, sai aka ɗauki hoton allon da fim, kuma wannan kwafin ne ya wanzu.