Kundin Kaka Ba Na Mutum Ɗaya Ba Ne

A gidajen malamai na karkarar Birnin Gwari, daga Kuyello zuwa Randagi, idan dattijo ya rasu akan raba gona da dabbobi, amma gafakarsa sai ta faɗa hannun babban ɗa, shi kuwa ya cusa ta ƙasan akwati. Cikinta akwai kundi, takardu ne warwatse da aka rubuta da tawada cikin ajami: addu'o'i a tsakiya, a gefe kuma ranar da aka haifi wane, shekarar da fara ta cinye gero, bashin dawa da aka ba maƙwabci, da sunan wanda ya fara sare gonar gida. Ana ganin ɓoyewar ita ce adanawa. Ni kuwa ina ganin ita ce hanya mafi sauri ta rasa shi.

A da gara da ɗigon ruwa ne abin tsoro. Yanzu dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya shafe shekaru yana zama mafakar 'yan bindiga. Harin da suka kai ƙauyen Gwaska a watan Mayun 2018 ɗaya ne cikin da yawa, kuma mai gudun tsira cikin dare yaransa yake ɗauka, ba ya tuna akwati. Bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindigar a ƙarshen 2024, kasuwar shanu ta sake ci, mutane na komawa kufai, sai ga tambayar da ba ta da daɗi: ina iyakar gonar wane take, tunda dattijon da ya sani ya rasu a gudun hijira? Kundin da aka ɗauki hotonsa da waya, aka tura wa dangi a Kaduna da Funtua ta WhatsApp, aka kai kwafi Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda tun 1970 yake tattara irin waɗannan takardu, gobara ɗaya ba ta isa ta gama da shi ba.

Masu ƙin a fitar da kundi suna da hujja biyu. Ta farko, kundi na ɗauke da laƙani da asirin gida. Wannan mai sauƙi ce: a ware waɗannan shafuka, a fitar da sauran. Ta biyu ce mai nauyi, domin takarda kan tona wanda kakansa bawa ne da wanda ya kama shi, a ƙasar da Kamukawa da Gwarawa suka sha farmakin neman bayi. Hakan ya faru da Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda littafinsa na 1912 zuwa 1927 ya lissafta mutanen da ya kamo. Ba abin alfahari ba ne, amma a ciki ne jikokin waɗanda aka kama za su iya samun sunayen ƙauyukansu da ranakun da aka auka musu. Dangi na iya rufe sunan da zai kunyata rayayye, su bar labarin.

Hoto kaɗai kuma ba ya wadatarwa. Masu iya karanta rubutun hannun tsofaffi suna ƙarewa, don haka sai an zaunar da ɗaya ya karanta a bayyane ana naɗar muryarsa, tsofaffin matan gida na kusa, su da suka san wace ce ake nufi idan kundi ya ce “'yar wane”.