Taki ba ya ciyar da shuka sai ƙasa ta dafa shi

Kowane makiyayi na jihar Maraɗi ya san inda garke ya kwana da rani, nan ciyawa ta fi duhu da damina. Shi ya sa tun kaka da kakanni manoman Tibiri kan ba Fulani damman gero domin su sauka da shanunsu cikin gonaki bayan girbi.

Abin da shuka ta fi nema cikin taki shi ne sinadarin da ake kira azot, amma saiwa ba ta iya shan sa yadda yake cikin kashin dabba. Sai ƙananan halittun ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, sun ruɓar da shi ya zama amoniyak, wasu kuma daban su juya amoniyak ɗin ya koma nitrat. A shekara ta 1877 masana biyu na Faransa, Schloesing da Müntz, suka tabbatar cewa wannan juyi aikin masu rai ne.

To, halittun nan ba sa aiki sai da laima. Duk tsawon rani kashin shanu yana nan bushe, gara kaɗai ke taɓa shi. Da ruwan farko ya sauka sai su farka gaba ɗaya, nitrat ya yawaita cikin ƴan kwanaki. A nan asarar take. Ƙasar jigawa rairayi ce, ba ta riƙe nitrat. In ruwa mai ƙarfi ya biyo baya tun gero bai yi saiwa ba, sai ya tafi da shi can ƙasa inda ba mai cim masa.

A gonakin noman rani na Jiratawa, bakin Gulbin Maraɗi, matsalar wata ce. In ruwa ya kwanta ya toshe iska, akwai halittun da ke cinye nitrat su sake shi sama ya bi iska. Wanda ya cika ban ruwa, takinsa yake kora.

Fitsari kuwa an raina shi, alhali wajen rabin azot ɗin da dabba ke fitarwa cikinsa yake, kuma zafin rana kan kwashe da yawansa cikin ƴan kwanaki. Cikin birnin Maraɗi, inda gidaje da dama ke da turken rago ko na jar akuya, kara ko ƙaiƙayi da aka shimfiɗa ƙarƙashin dabba kan tsotse shi, amalanke ta kai shi gona tare da takin.