Ciwon dajin da ya kai zuciya: ina amfanin maganin tayar da garkuwar jiki?

Ba kasafai ciwon daji ke farawa daga zuciya ba. Galibi yaɗuwa yake yi zuwa can daga huhu ko mama, ko kuma daga wata sankarar fata da likitoci ke kira melanoma.

A jikin baƙar fata, melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa. Manomi a Kurawa ko Sabon Birni ko Isa na iya ɗaukar baƙin tabon a matsayin kaushi ko gyambo, ya yi ta shafa magani har cutar ta bi jini ta bazu.

Idan ta kai zuciya, ruwa kan taru a jakar da ke lulluɓe da ita. Sai haki da kumburin ƙafafu su biyo baya, bugun zuciya ya rikice. Likitoci na iya zuƙe ruwan, amma yanke ciwon a irin wannan wuri yana da wuyar gaske.

Yadda maganin ke aiki

Garkuwar jiki na da wani birki da ke hana ta afka wa jikin mai ita. Ƙwayoyin daji kan fake da wannan birki. Aikin maganin, wanda ake bayarwa ta ƙarin ruwa, shi ne sakin birkin domin garkuwar ta farauci cutar duk inda ta ɓuya, har cikin zuciya.

A 2011 Amurka ta amince da na farkonsu, ipilimumab, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan sun sami lambar Nobel a 2018 saboda wannan bincike.

Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa a 2015, ya karɓi pembrolizumab tare da tiyata da gashi. Ya rasu a 2024 yana da shekara 100.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai ba kowa maganin ke yi wa aiki ba, kuma melanomar tafin ƙafa ba ta jin sa kamar ta sauran fata. Haka nan garkuwar da aka saki kan juya kan tsokar zuciya a kusan mutum 1 cikin 100, abin da kan yi kisa idan ba a farga da wuri ba.

Ga kuma tsada, domin maganin na cin miliyoyin naira. Mafi kusa ga mutanen ƙasar Gobir shi ne sashen cutar daji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma hare-haren 'yan bindiga sun sa tafiya can ta zama kasada.

Saboda haka shawarar likitoci ita ce, duk tabon da ke girma ko sauya launi ko zubar da jini, a kai shi asibiti tun yana wurin da wuƙar tiyata za ta iya raba mutum da shi.