Matsalar Huda Ƙananan Kafofi a Fallen Ƙarfen Nikel Mai Jure Zafi

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin da ya sa huda kafar da ba ta kai milimita ɗaya ba a jikin fallen gamin nikel ke da wuya, da kuma hanyoyin da ake bi don shawo kan matsalar.

Tun daga 1941, lokacin da aka fito da gamin Nimonic 80 a Ingila, da ire-iren waɗannan ƙarafa ake ƙera sassan injin jet da wuta ke gasawa. Alal misali, bangon ɗakin ƙona mai akan yi shi da Hastelloy X, wanda kusan rabinsa nikel ne. Harshen wutar ciki yakan kai digiri 2,000 na Salshiyas, alhali nikel zalla yana narkewa a 1,455. Abin da ke cetar bangon shi ne dubban kafofin da iska ke kurɗawa ta cikinsu, ta shimfiɗu a kansa, ta raba shi da wuta.

To, halin da ya sa ƙarfen ya dace da wuta, shi ne ke wahalar da mai huda shi. Ba ya laushi idan ya yi zafi, ba ya kuma watsa zafin da sauri, sai ya taru a bakin mahuji. Daɗin daɗawa, duk inda mahuji ya goga bai yanka ba, wurin ƙara tauri yake yi. Nan da nan baki ya dakushe, ko ya karye a ciki. Fallen kuwa, saboda sirantakarsa, yakan lotsa, balle ma yawancin kafofin a karkace ake bukatarsu.

Saboda haka aka koma ga hanyoyin da ba a taɓa ƙarfen. Ta farko tartsatsin lantarki ce, wadda Boris da Natalya Lazarenko suka ƙirƙiro a Tarayyar Sobiyat a 1943: siririn bututun tagulla ke sakin tartsatsi, yana zaizaye ƙarfen kaɗan-kaɗan. Tana da jinkiri, kuma ba ta cin rufin tangaran da akan yi wa bangon, domin tangaran ba ya ɗaukar lantarki. Ta biyu hasken leza ne, mai huda kafa cikin daƙiƙa ko ƙasa da haka.

A ganinmu, ba saurin ne abin dubawa ba, cikin kafar ne. Dukansu biyu narkar da ƙarfe suke yi, wani sashe ya sake daskarewa a jikin kafar da 'yan tsage-tsage, kuma na leza yakan fi kauri. Daga nan tsaga ke somawa idan inji ya yi ta zafi da sanyi, shi ya sa ake yanka samfuri a auna kaurin wannan ɓawo da madubin ƙara girma kafin a karɓi aikin.