Sabon Kwaɗo, Tsohon Makulli

A gidan da ake yawan sauya kwaɗon ƙofa, 'yan gida ba sa kwana a waje, domin ranar da maigida ya sa sabo, ranar yake raba musu makulli. Mai shan wahala shi ne ɗan haya: ya dawo da daddare da tsohon makullinsa, ya yi ta murɗawa, ƙofa ta ƙi. Kusan abin da ke faruwa ke nan idan aka sabunta kanel ɗin Linux, wato jigon manhajar da ke magana da kowace na'ura a cikin kwamfuta, aka wayi gari Wi-Fi ya ɓace ko allo ya yi baƙi ƙirin.

Aikin da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991 yanzu yana fitar da sabon kanel kusan duk mako tara zuwa goma, kuma masu aikin ba su taɓa alkawarin barin tsarin cikinsa yadda yake ba. In sun sauya abu, sai su gyara duk direbobin da ke cikin kundinsu a tare, wato manhajojin da ke tuƙa kowace na'ura. Su ne 'yan gida. Direban da kamfanin NVIDIA ke rabawa, da direban wl na wasu katunan Broadcom, a waje suke zaune. DKMS, wanda Dell ya ƙirƙiro, shi ke yanka musu sabon makulli: yana sake harhaɗa direban ya dace da kanel ɗin da aka ɗora. Amma in babu linux-headers na wannan kanel, ko kamfanin bai gyara direbansa ba tukuna, aikin zai tsaya, sau da yawa mai kwamfuta bai ma lura ba. Wani lokacin kuma an harhaɗa lafiya, Secure Boot ya hana shi shiga saboda ba a sa masa hannu ba.

Yana min ciwo in ga mutum ya goge komai ya sake ɗorawa, ko ya kashe kuɗi kan sabon kati, alhali tsohon kanel na nan. A sake kunna kwamfutar, a danna Shift ko Esc har jerin zaɓin GRUB ya bayyana, a zaɓi kanel na baya. In Wi-Fi ya dawo, na'urar lafiyarta lau. Daga nan uname -r zai faɗi kanel ɗin da ake kai, lspci -k ya nuna na'urar da ba ta da direba, dkms status ya nuna inda harhaɗawa ta tsaya. A karanta dmesg a tsanake; sau tari layi ɗaya ne ke cewa fayil ɗin firmware kaza ya ɓata.

'Yan gida ma kan yi tuntuɓe. In direban cikin kanel ne ya lalace, a kai rahoto tare da lambar kanel ɗin da ke aiki da wanda ya ƙi, domin da waɗannan biyun ake bin git bisect har a kamo gyaran da ya jawo matsalar. Kafin maganin ya iso, a ci gaba da aiki da tsohon, kada a share shi.