Lambar 2,520: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri

Wani saƙo ya daɗe yana yawo a wayoyin jama'a, har ya shigo zaurukan WhatsApp na ɗalibai da malaman makaranta a Daura. Cewa yake 2,520 lamba ce mai abin al'ajabi, ita kaɗai ke rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 10 ba ragowa, masana sun rasa gane sirrinta sai da Ramanujan na Indiya ya tono shi, kuma wai asalinta kwanakin mako ne sau kwanakin wata sau watannin shekara.

Batun rabuwar gaskiya ne. Raba ta gida 7 ka sami 360, gida 8 ka sami 315, gida 9 ka sami 280. Amma ba ita kaɗai ba ce: 5,040 da 7,560 da duk wani ninkinta haka suke. Fifikonta shi ne ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsu. Ginin nata kuma a fili yake, 8 sau 9 sau 5 sau 7, kuma daga nan sauran suke fitowa. Ka gwada ta da 11 sai 1 ya yi saura. Mai son wadda za ta rabu har 12 sai ya haura zuwa 27,720, har 20 kuwa sai 232,792,560.

Maganar sirri ce ta fi damuna, don tana sa yaro ya ɗauka lissafi tsafi ne. Hanyar nemo irin wannan lamba tana cikin littafin masanin lissafi Uƙlidis tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Malamanmu na zaure da ke karantar da babin gado na Risala ma aikinsu ke nan. Idan mamaci ya bar mata mai tumuni da uwa mai sudusi, malam kan ce asalin mas'alar 24 ne, domin ita ce ƙaramar lambar da 8 da 6 ke raba ta daidai. Wanda ya iya wannan a Zango ko Ɓaure ya riga ya riƙe mabuɗin 2,520.

Ramanujan yana da nasa rabon. A 1915 ya buga bincike kan lambobin da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu raba su, kuma 2,520 tana cikinsu: lambobi 48 ne ke raba ta, ta ɗara 1,680 mai 40. Wannan rukuni shi ya yi masa nazari mai zurfi, ba shi ya gano rabuwar 1 zuwa 10 ba.

Lissafin 7 sau 30 sau 12 kuwa ya fito daidai, hanya ce mai kyau ta hardace lambar. Sai dai 30 sau 12 kwana 360 ke nan, alhali shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, ta Miladiyya 365 ko 366, don haka kalandar da muke aiki da ita ba ta haifar da 2,520.