Tsawon jiki da tsawon jinya: inda kalmomin likita ke rikita masu raka majinyaci

Duk ma'aikacin da ya taɓa kai mahaifiyarsa asibiti a Abuja ya san aikin da ke hawa kansa da zarar likita ya miƙo takarda: shi ne tafinta. Idan idonsa ya faɗa kan kalmar "chronic", sau da yawa sai ya shaida wa tsohuwa cewa ciwon ya yi tsanani, hankalin kowa ya tashi. Alhali daɗewa kalmar take aunawa. Tushenta "chronos" ne, wato lokaci a harshen Girka, kishiyarta kuwa "acute", ciwon da ya zo farat ɗaya.

Bahaushe da kalma guda, tsawo, yake auna igiya da jinya. Likita kuwa ya raba su, ɗaya da santimita, ɗaya da kwanaki. Ciwon ƙoda ba ya shiga sahun daɗaɗɗu sai ya wuce wata 3, ciwon hanta nau'in B sai ya zarce wata 6. Tarin da ya kai mako 2 kuma ana neman a gwada majinarsa saboda tarin fuka. Shi ya sa "ya ɗan kwana biyu" ba ta gamsar da likita, domin kwana biyun Bahaushe kan kai shekara.

Akwai kuma kalmomi masu kama da juna. "Brady" jinkiri ne, shi ke cikin "bradycardia", bugun zuciyar babba da bai kai 60 a minti ba. "Brachy" kuwa gajarta ce, kamar a "brachytherapy", gashin ciwon daji da ake ajiye sinadarin dab da ƙarin.

A ɗakin awon ciki ne ma'aunan biyu ke haɗuwa. Daga mako na 24, ungozoma kan auna daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, adadin santimita kuma kan yi kusan daidai da makonnin cikin. A mako na 30 ana sa ran 28 zuwa 32. Saɓanin haka sai a ƙara bincike.

Saboda haka, kafin a tafi asibiti a rubuta ranar da ciwo ya soma. A wurin karɓar magani kuma a tambayi sau nawa a rana, na kwana nawa. Maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether-lumefantrine sha 6 ne cikin kwana 3, na tarin fuka galibi wata 6. Wanda ya ajiye shi a tsakiya don jiki ya yi sauƙi, ya bar wa ciwon ƙofar dawowa.